Kama da Wane Ba Ta Wane: Tsada da Ingancin Motocin Tsere na Kwaikwayo

A watan Agusta na shekarar 2016, a wani gwanjo da aka yi a garin Monterey na jihar Kalifoniya a ƙasar Amurka, an sayar da wata tsohuwar mota mai kujera biyu, mara rufi, a kan dala miliyan 13.75. Motar nan ita ce Cobra ta farko da wani ɗan tseren mota mai suna Carroll Shelby ya haɗa a 1962, inda ya ɗauko bodin wata 'yar motar Ingila ta kamfanin AC ya cusa mata ƙaton injin Ford mai silinda 8. A cikin wannan shekara ta 2016 kuma, a ƙasar ta Amurka, mutum yana iya aika wa wani kamfani kuɗin da bai wuce dala 20,000 ba, a kawo masa akwatunan kaya har ƙofar gida, in ya ɗaɗɗaura su ya sami motar da duk wanda ya hango zai ce Cobra ce.

Tsakanin waɗannan kuɗaɗe biyu akwai wata babbar kasuwa da ta daɗe tana ci a Ingila da Amurka, wato kasuwar motocin kwaikwayo da motocin da ake sayarwa gunduwa-gunduwa a cikin akwati don mai saye ya haɗa da hannunsa. A da labarinta ba ya iso mu sai jefi-jefi, a mujallun motoci na Turanci. Yanzu kuwa samarinmu suna ganin hotunan irin waɗannan motoci a wayar hannu dare da rana, da farashi mai jan rai a ƙarƙashinsu, kuma muna da 'yan'uwa a Landan da New York da Hambug waɗanda ake iya yi wa tallarsu ido da ido. Saboda haka ya kamata masu karatu mu zauna mu yi lissafi, mu ga abin da kuɗin mutum ke saya masa a wannan kasuwa, da kuma abin da ba ya saya.

Asalin Sana'ar

Haraji ne ya raya wannan sana'a a Ingila. A shekarar 1957 wani injiniya mai suna Colin Chapman, mai kamfanin Lotus, ya fito da wata 'yar ƙaramar mota da ya kira Seven, wato bakwai. Ba ta da ƙofa, ba ta da rufin kirki, kujera biyu ce da inji da taya huɗu, nauyinta duka wajen rabin tan. A wancan lokaci gwamnatin Ingila tana ɗora haraji mai nauyi a kan sabuwar motar da aka sayar a haɗe, amma ba ta ɗora shi a kan kayan motar da aka sayar a warwatse. Sai Chapman ya riƙa sayar da motarsa a warwatse, mai saye ya kwashe ya tafi gida ya ɗaura. Har ana ba da labari cewa da doka ta hana a ba mai saye takardar yadda ake haɗa motar, sai kamfanin ya riƙa ba da takardar yadda ake kwance ta, mutum ya fara karatu daga ƙarshe ya dawo farko.

A 1973 aka soke wancan haraji, aka kawo wani wanda ya hau kan kowane kaya, haɗaɗɗe ne ko warwatsattse. A shekarar ce Lotus ya sayar da haƙƙin yin motar ga wani dillalinsa, kamfanin Caterham, wanda har yanzu yake ƙera ta, yana kuma sayar da ita a haɗe ko a akwati.

A Amurka kuwa motar Volkswagen Beetle ce, mai kama da kunkuru, ta buɗe ƙofa. An ɗaure bodinta ne da notuna a kan wani farantin ƙarfe wanda ke ɗauke da inji da giya da tayoyi, saboda haka ana iya ɗage bodin gaba ɗaya a ɗora wani. Daga shekarun 1960 masu ƙananan gareji suka shiga zuba bodi iri-iri suna ɗorawa a kan wannan faranti. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi karɓuwa har yau shi ne na kwaikwayon Porsche 356 Speedster, kuma dalilin dacewarsa a fili yake: ita ma ainihin Porsche ɗin injinta a baya yake, iska ke sanyaya shi, kamar na Beetle.

Kashi Huɗu Ne, Kada a Haɗa Su

Kuskuren da ake yawan yi shi ne a kira su duka da suna ɗaya, alhali ko kusa ba ɗaya ba ne, a kuɗi ko a inganci.

Kashi na farko shi ne akwati cikakke, wanda komai na ciki sabo ne daga kamfani ɗaya, har inji da giya da noti na ƙarshe. Irin na Caterham ke nan. Kamfanin ya riga ya yi walda da fenti da jan wayoyin lantarki, aikin mai saye ɗauri ne kawai.

Kashi na biyu, kamfani ya ba ka sabon shasi da sabon bodi, sauran kaya kuwa ka nemo tsohuwar mota ka yanka ka ciro. Da wannan dabara ce kamfanin Factory Five na jihar Massachusetts ya shigo kasuwa a 1995. Ya tsara kwaikwayon Cobra ɗinsa yadda injin Ford Mustang na tsakanin 1987 da 1993, da giyarta da birkinta da ƙafar bayanta, duk za su shiga daidai. A Ingila kamfanin Westfield, wanda aka kafa a 1982, ya yi irin wannan da motoci masu siffar Seven. A ƙasan wannan kashi akwai masu yin komai da kansu. A 1996 wani mutum mai suna Ron Champion ya buga littafi a Ingila inda ya nuna yadda za a yanka bututun ƙarfe a yi waldar shasi a gida, a ciro sauran kaya daga tsohuwar Ford Escort, ya ce ana iya gamawa da fam 250. Motocin da aka yi da tsarinsa su ake kira Locost.

Kashi na uku, riga ce kawai. A ɗauko tsohuwar mota mai inji a tsakiya, kamar Pontiac Fiero da aka yi a Amurka daga 1984 zuwa 1988, ko Toyota MR2 ta Japan, a cire mata fatar waje a liƙa mata wadda ta yi kama da Ferrari ko Lamborghini. Yawancin hotunan da ke yawo a wayoyin samarinmu na wannan kashi ne.

Kashi na huɗu, mota ce da ma'aikata suka haɗa suka fente suka gama, ba a dai sa mata inji da giya ba. Abin da zai ba masu karatu sha'awa shi ne, ɗaya daga cikin waɗanda suka fi suna a wannan fanni a nahiyarmu ake yin ta. Motocin Superformance, waɗanda Amurkawa ke saye, ana ƙera su ne a masana'antar Hi-Tech Automotive da ke birnin Port Elizabeth na Afirka ta Kudu, wanda aka sauya wa suna zuwa Gqeberha a 2021. A ƙasar ce kuma aka kafa kamfanin Birkin a 1982 don yin motoci masu siffar Seven. A saman wannan kashi akwai kamfanin Kirkham na jihar Utah, wanda ya je ƙasar Folan ya samo maƙeran wata tsohuwar masana'antar jiragen yaƙi suna buga masa bodin Cobra da alminiyam, kamar yadda aka yi na asali.

Lissafin Kuɗi

To, bari mu ɗauki alli. Mu fara da kashi na farko, domin shi ne lissafinsa ya fi fita sarai. Lokacin da Caterham ya fito da ƙaramar motarsa Seven 170 a 2021, mai injin Suzuki ɗan ƙarami na cc 660 da nauyin kilo 440, farashinta a akwati ya fara ne daga fam 22,990. A lokacin, wanda yake son kamfani ya haɗa masa sai ya ƙara abin da ya ɗan haura fam 2,000. Ke nan duk wahalar da mutum zai sha a garejinsa, wadda kamfanin ya kiyasta a kan awa 80 zuwa 100, abin da za ta rage masa bai wuce kashi ɗaya cikin goma na kuɗin motar ba. In ya sayi jak da sufana da abin ɗaga inji, ragin ma ya ƙara tsukewa. Masu sayen irin wannan akwati sun san haka. Daɗin haɗawar suke saye, da sanin kowane noti na motarsu.

A kashi na biyu ne gizo ke saƙa. Akwatin farko na Factory Five a 1995 dala 9,900 ne. A tsakiyar shekarun 2010 kamfanin yana sayar da ƙaramin akwati a kan dala 12,990, babba kuma, wanda ba ya bukatar a yanka wata mota, a kan dala 19,990. Amma shi kansa babban babu inji a ciki, babu giya, babu ƙafar baya, babu wili da tayoyi, babu batir, babu fenti. Kamfanin bai ɓoye wannan ba, a rubuce yake ɓaro-ɓaro a takardunsa. Idon mai sha'awa ne ke tsallake shi. Inji mai silinda 8 da giyarsa, in sababbi ne, su kaɗai suna iya cin kuɗin da ya kusa na akwatin. Daga nan sai aikin bodi, wanda shi ne ya fi ba sababbin shiga mamaki. Bodin faiba, wato zaren gilashi da ake jiƙawa da wani irin danko a bari ya daskare a cikin mazubi, yana zuwa ne da gabobi da tudu da kwari. Sai an goge, an cike, an sake gogewa, an daidaita ƙofofi da murfin inji da na but, kafin a kai ga fenti. Aikin makonni ne na gwani, ladan gwani kuwa a Amurka ba wasa ba ne. Shi ya sa masu haɗawa da yawa sukan farga sun kashe ninki biyu na kuɗin akwatin, wasu ma fiye, kafin motar ta taka kwalta.

Yankan tsohuwar mota yana rage kuɗi a farko, amma yana da nasa bashin da yake biyo baya. Mustang ta 1990 yau ta haura shekara 30. Wayoyinta sun bushe, robobinta sun tsattsage, injinta ya sha tafiya. Wanda ya ɗora tsohon birki a kan sabon shasi zai sake kwancewa, ya saya sabo, ya biya sau biyu. Haka labarin Locost yake. Fam 250 ɗin nan ya yiwu ne a zamanin da tsofaffin Escort ke zube a bola ana neman mai kwasa. Yau Escort mai jan ƙafar baya ta zama kayan tarihi mai tsada, masu yin Locost sun koma yankan wasu motoci kamar Mazda MX-5, kuma kuɗin gwajin hukuma kaɗai ya wuce abin da littafin ya ce za a gama motar da shi.

Akwai kuma kuɗin da ba a rubuta shi a rasit, wato lokaci. Kamfanoni sukan ce awa 300 sun isa a gama kwaikwayon Cobra. Ma'aikacin da ba ya samun sarari sai Asabar da Lahadi, in yana ba aikin awa 6 a mako, zai yi mako 50, kusan shekara guda, in komai ya tafi daidai, ga shi kuwa ba kasafai komai ke tafiya daidai ba. Shi ya sa shafukan tallar motoci a Ingila da Amurka ba sa rabuwa da akwatunan da aka fara aka kasa gamawa, ana neman mai saye ko da asara. Wani lokaci ma kamfanin ne ke durƙushewa mutum yana tsakiyar aiki. Westfield kansa, duk da sunansa da shekara 40 a kasuwa, ya faɗa hannun masu kula da kamfanonin da bashi ya ci a 2022, kafin wasu su saye shi su ci gaba.

Kashi na huɗu ya fi tsada a gaba ɗaya. Motar Superformance mara inji ta ninka kuɗin babban akwatin Factory Five fiye da sau biyu, ta Kirkham mai bodin alminiyam kuma ta fi haka. Amma fenti da kujeru da wayoyi da daidaita ƙofofi duk an gama su a hannun waɗanda suka yi irin aikin sau ɗaruruwa. In aka tara duk abin da mai akwati ya kashe daga baya, tazarar da ke tsakaninsu takan ragu ƙwarai. Ranar sayarwa kuma mai saye ya fi sakin jiki da motar da masana'anta ta haɗa a kan wadda bai san hannun da ya ɗaura ta ba.

Ina Ingancin Yake?

Mai kallo fenti yake gani, amma ran direba a kan shasi yake. Shasin irin waɗannan motoci bututun ƙarfe ne da aka yi wa walda, kuma a jikinsa ake ɗaure ƙafafu da sitiyari da kujera da bel. Kamfani na kirki yana da teburin awo da yake kafe bututun a kai kafin walda, don kowane shasi ya fito daidai da ɗan'uwansa. In shasi ya karkace ko da kaurin yatsa ne, motar za ta riƙa ja gefe guda, tana cin taya, kuma ranar da aka taka birki da ƙarfi za ta nuna halinta. Waldar da ba ta ratsa ƙarfe ba tana iya yin kyau a ido, ta riƙe shekara guda, ta tsage a rami ɗaya.

Abu na biyu shi ne dacewar inji da birki da nauyi. Kwaikwayon Cobra nauyinsa wajen tan ɗaya ne, tsakanin tayar gaba da ta baya gajere ne, ga shi ana cusa masa inji mai ƙarfin doki 400 ko fiye. Babu jakar iska da ke fashewa ta kare direba, babu na'urar da ke hana taya kullewa ko zamewa a yawancinsu, kuma ba a gwada su ta hanyar buga su da bango kamar yadda ake yi wa motocin manyan kamfanoni. Wanda ya taka totur da garaje a kan kwana, bayan motar zai riga gabanta isa. Saboda haka masu hankali a cikin masu haɗawa sukan zaɓi matsakaicin inji, su zuba kuɗin a birki da shokozoba da tayoyi masu kyau.

Abu na uku shi ne bodi. Faiba ba ta tsatsa, ba ta da nauyi, kuma gyaranta da sauƙi, amma ingancinta ya danganta da mazubin da aka zuba ta. Masu arha sukan ɗauki mazubi daga jikin wata motar kwaikwayon, wani kuma ya ɗauka daga tasu, har a kai ga bodin da gefen dama bai yi daidai da na hagu ba. Alminiyam ya fi kama da na asali, amma ko jingina aka yi da ƙarfi yana lotsawa, kuma mai iya buga shi ba a ko'ina yake ba.

A nan ne kashi na uku yake faɗuwa jarrabawa. Fiero mafi ƙarfi injinta na da doki 140, alhali Ferrari 308 da ake kwaikwaya da ita ta haura 200. Ferrari F355 tana da silinda 8 da doki kusan 380, ita kuwa MR2 da ake sa wa rigarta silinda 4 gare ta. Rigar tana ƙara wa motar nauyi da faɗi, sai a sa wasu ƙarafa a tura tayoyin waje don su cika bodin, abin da ke gajiyar da ƙafafun motar kafin lokacinsu. Sakamakon shi ne motar da ba ta kai Ferrari gudu ba, ba ta kuma kai Toyotar da aka lalata lafiya ba. Da an tayar da inji, ƙararsa ta tona asiri.

Ingila ta yi wa wannan kasuwa linzami. Tun 1998 motar da aka haɗa a gida ba ta samun lamba sai ta ci gwajin hukuma, wanda aka sabunta a 2009 ana kiransa IVA. Ana duba birki da fitilu da madubai da maɗaurin bel da hayaƙi da ƙara, ana gwada ko agogon gudu yana faɗin gaskiya, har ana bin jikin motar ana neman duk wani kaifi da zai iya yankan mutum in an yi karo. Motar da aka kasa tabbatar da asalin kayanta ko shekarunsu ana ba ta lamba mai farawa da harafin Q, wadda ke rage mata daraja a kasuwa. Wannan gwaji ne ya kori tarkace da yawa daga titunan Ingila, kuma takardarsa ita ce abu na farko da mai sayen irin wannan mota a can ya kamata ya nema.

Kwaikwayo Daban, Jabu Daban

Doka ta bambanta wanda ya ce "wannan kwaikwayon Cobra ne" da wanda ya manna tambarin wani ya ce tasa ce. Shelby ya kai masu kwaikwayon motarsa kotu, amma a 2002 wata kotun tarayya a Boston ta ƙi ba shi ikon mallakar siffar motar shi kaɗai. Suna da tambari dai nasa ne, daga baya kuma Superformance ya karɓi lasisi daga wurinsa. Tunda ainihin Cobra da aka ƙera daga 1962 zuwa 1967 kusan 1,000 ne kawai, kwaikwayonta ya ninka ta yawa nesa ba kusa ba, kuma kowa a kasuwar ya san haka. A 2015 ma majalisar Amurka ta yi dokar da ta yarda ƙananan kamfanoni su ƙera har mota 325 a shekara, a haɗe da inji, masu siffar motocin da suka kai shekara 25, muddin suna da izinin mai siffar. Sai a 2022 aka kammala ƙa'idojin aiki da dokar.

Kamfanin Ferrari na Italiya kuwa ba ya ɗaga ƙafa. A shekarun 1980 baƙar Ferrari Daytona da ta yi suna a wasan talabijin na Miami Vice kwaikwayo ce da aka ɗora a kan shasin Corvette. Ferrari ya kai mai yin ta ƙara, masu wasan suka tarwatsa motar a cikin shiri a 1986, kamfanin ya ba su Testarossa ta gaske. Motar Mera, wadda aka yi a kan Fiero ana sayarwa ta hannun dillalan Pontiac, guda 247 kawai aka yi kafin Ferrari ya tsayar da ita. A 2012 kamfanin Mercedes ya sa aka murƙushe bodin kwaikwayon motarsa 300 SL. A 2013 'yan sandan Sifen suka rufe wani gareji a yankin Valencia da ke mayar da Toyota ta zama Ferrari, ana sayar da kowace wajen yuro 40,000. A 2019 'yan sandan Birazil suka rufe wani a jihar Santa Catarina mai yin jabun Ferrari da Lamborghini. Abin lura ga ɗan'uwanmu da ke Turai shi ne, in hukuma ta kama irin wannan mota, mai ita ne ke kwana ciki, motar ta tafi, kuɗin ma sun tafi.

In an Kawo Ta Gida Fa?

Ɗora bodi a kan shasi ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Manyanmu sun shiga manyan motocin Bedford masu bodin katako da kafintocin ƙasar nan suka yi. A Suame Magazine ta Kumasi, inda 'ya'yan zango da yawa ke cin abinci, dubban kanikawa da masu walda da masu bugun kwano suna tayar da motar da aka yanke wa ƙauna. A 2013 kanikawan Suame tare da wasu 'yan ƙasar Holan suka haɗa mota sukutum daga kayan tsofaffin motoci, suka sa mata suna Turtle 1, har aka kai ta Holan aka nuna. Hannun da zai haɗa motar akwati muna da shi, kuma ladansa bai kai na Turai ba.

Amma sauran lissafin ba ya goyon bayanmu. Tun 1974 Ghana ta koma tuƙi a hannun dama, kuma dokar kwastan ta hana shigo da mota mai sitiyari a dama sai da izini na musamman, alhali yawancin tsofaffin motocin akwati na Ingila haka suke. Harajin tashar Tema yana la'akari da darajar mota da girman injinta, ga shi babban injin Cobra lita 7 ne. Tsakanin cikin motar Seven da ƙasa bai kai taƙi ɗaya ba, saboda haka tudun rage gudu ɗaya ya isa ya fasa mata tukunyar baƙin mai. Babu rufin da zai tare ruwan damina ko ƙurar hunturu, zafin inji yana dukan ƙafafun direba, salansar Cobra kuma a gefen ƙofa take, tana ƙona ƙwaurin duk wanda ya sauka da gaggawa. Ranar da wani abu ya karye, in na Ford ne ko Toyota za a samu a Suame ko Abossey Okai. In kuwa na kamfanin akwatin ne, sai a jira jirgi.

Saboda haka duk wanda aka yi wa tallar irin wannan mota, a nan ko a waje, ya fara da tambayar wane ne ya yi shasin, da wane ne ya haɗa, ya nemi rasit da hotunan aikin tun daga farko. Ya duba takardun ya ga sunan da aka yi mata rajista da shi, domin motar da jikinta ke cewa Ferrari takardarta na cewa Toyota, kuɗin Toyota ya kamata a biya, a ma rage saboda ɓarnar da aka yi mata. Ya tafi da bakanike wanda ya yarda da shi, a ɗaga motar a shiga ƙarƙashinta da tocila a duba walda da bututun birki. In akwati ne bai haɗu ba, ya rubuta duk abin da babu a ciki, ya sa wa kowane farashi, ya tara, kafin ya saki ko sisi.

Motar kwaikwayo ta gaskiya, wadda aka yi da awo aka gwada aka kira ta da sunanta, abin sha'awa ce, kuma ta ba dubban masu ƙaramin ƙarfi damar ɗanɗana abin da attajirai ke kullewa a ɗaki. Wanda ya saye ta da saninsa bai yi asara ba, domin kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wanda za a tausaya wa shi ne wanda ya ga farashin akwati ya ɗauka farashin mota ne, ko ya ga tambarin doki a kan murfin inji bai sunkuya ya leƙa ƙarƙashi ba.